Mu da "Ai Zai Shiga"

A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi akwai maganar da ta fi NEPA cinye mana kuɗi, ita ce "ai zai shiga". Mu masu haɗa kwamfutar buga gem da ɗan abin da aljihu ya tara, halinmu ke nan. Sai mun biya, mun hau adaidaita sahu, mun iso gida mun kwance leda, sannan muke tuna ana tambaya kafin a saya.

Ba ilimin muka rasa ba. In ana musu da daddare kowa injiniya ne, ana jefa lambobi kamar masu rabon gado: GTX 1650, RX 580, Ryzen 5 5600. Amma ran da aka kwashi adashe aka nufi Beirut Road, ko wani ya ɗora kaya a WhatsApp da farashi mai sa zuciya tsalle, a gida ake barin ilimin.

Ƙanina ne ya buɗe fage. Ya tsinci ram DDR4 da araha, ya zo zai cusa wa tsohuwar madabod mai cin DDR3. Ya ƙi zama. Ya juya shi, ya ƙi. Ya danna da babban yatsa har madabod ɗin ta yi ƙara. Na ce, "Kai, tsaya. Wannan ɗan tsagin da ke gindinsa ba ado ba ne. Da gangan aka matsar da shi, saboda irinka." Ya yi shiru yana jujjuya abin, can ya ce, "Yaya, in aka ɗan goga masa zarto fa?" Wallahi ba wasa yake ba.

Wannan ma da sauƙi, tunda ido na gani. Na firosesa ya fi ciwo. Intel na da gurbi mai suna LGA1151, wanda ƙarni na 6 da na 7 suka zauna a ciki. Da na 8 da na 9 suka fito, sai aka bar sunan yadda yake, aka sauya madabod ɗin da ke karɓarsu. Kama da wane ba ta wane. Wani abokinmu ya sa i5-8400 a kan H110. Ya zauna daram, marfi ya rufu, aka danna maɓalli, allo baƙi ƙirin. Kwana uku yana cirewa yana mayarwa, har ya fara lissafa waɗanda ba sa son ci gabansa a unguwa.

'Yan AMD suna ta dariya, suna cewa ai gurbinsu AM4 ba ya yaudara. To, nasu ma ya zo. Tsohuwar B450 ba ta gane Ryzen 5 5600 sai an sabunta mata BIOS, kuma da yawa daga cikinsu ba sa sabuntuwa sai an fara ɗora musu tsohon firosesan da suka sani. Daga nan aro ya tashi. Akwai wani tsohon Ryzen 3 a unguwarmu da ya fi ungozoma shiga gidaje. Mai shi ya daina tambayar inda yake, sai dai ya ji labarin lafiyarsa.

Sai kuma hanyar talaka, wadda yawancinmu muka bi: ka sayi siririyar kwamfutar ofis 'yar Kwatano, irin su Dell OptiPlex, ka ƙara mata katin girafik. Dabarar na da kyau, in an sayi katin da ya dace da ita. Ramin da ake soke katin wat 75 kaɗai yake bayarwa, shi ya sa gajeriyar GTX 1050 Ti ko 1650 ke zama lafiya. Mu kuwa RX 580 muke so, saboda sunanta ya fi cika baki. Ka kawo ta, ta fi akwatin faɗi, tana neman wayar wuta mai baki 8, fawa saflai ɗin ofis kuma bai taɓa jin labarinta ba. Me muke yi? A cire murfi, a jingina wani fawa saflai a gefe, a kunna fankar tsaye ta riƙa hura wa kayan ciki iska. Hunturu ya zo ya zuba ƙurarsa, yaran gida su zo leƙe. Ni dai ban ga laifin buɗe murfin ba a zafin watan Afrilu, amma kar a ce mana da niyya aka yi.

A fawa saflai muke tsuke bakin aljihu, tunda ba ya ƙara wa gem kyau. Wasu tsofaffin na da ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230. Wanda ya fito daga Amurka sau da yawa a 115 yake zuwa, wutarmu kuwa 230 ce. Ka jona shi a haka, ƙara ɗaya za ka ji, fat, sai ƙauri. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa. Mu da abin ya sami ɗayanmu, dariya muka yi, bayan wata biyu aka sake jin ƙaurin a gida na gaba.

Gwarzonmu dai shi ne wanda ya haɗa komai daidai, ya yi wata guda eFootball na masa tafiyar hawainiya, yana rantsuwa jabun kati aka sayar masa. Ɗan yayarsa, ɗan aji biyu, ya leƙa baya ya ce, "Kawu, ai wayar allon a madabod ka soka." Katin na nan sabo fil, ko zufa bai yi ba.

Jiya ƙanina ya sake zuwa, yana nuna hoton ram DDR5 a waya, wai an karya farashi. Kafin wani cikinmu ya buɗe baki, mai shayi, wanda bai taɓa kunna kwamfuta ba, ya ce yana fasa ƙwai, "Ka duba tsagin?"