Usur Biyu a Layi Ɗaya

Wanda yake kwana a Mararaba yana aiki a Abuja ya san gari kan waye masa tun kafin kiran assalatu. In barci ya ɗan yi masa nauyi, cunkoson motocin da ke tasowa daga Masaka da Ado, ya ratsa Nyanya har ya hau tudun Kugbo, zai cinye masa rabin safiya. Ƙafarmu tana Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, guminmu kuwa a Abuja yake zuba. Da yawanmu tsadar haya da rusau ɗin da aka yi a babban birnin tsakanin 2003 da 2007 ne suka tunkuɗo mu nan. Shi ya sa in dare ya yi, kowa ya dawo a gajiye, teburin mai shayi ne majalisarmu.

A wani tebur da nake zama kusa da Kasuwar Lemo akwai samari biyu 'yan gari ɗaya, waɗanda a dā har ɗaki ɗaya suka yi haya. Yanzu kowanne yana da waya a hannu, yana da maigidan da yake kare wa mutunci a Facebook. Tun daga zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023 teburin bai sake samun lafiya ba. A watan Oktoba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba David Ombugadu na PDP gaskiya, sai ɗaya ya ce alƙalan Najeriya sun farka, ɗayan ya ce an saye su. A watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar wa Gwamna Abdullahi Sule na APC kujerarsa, sai suka yi musayar baki: mai yabo ya koma zagi, mai zagi ya koma yabo. Har Kotun Ƙoli ta rufe maganar a watan Janairun 2024, su ba su rufe tasu ba.

Wani dare da gardama ta kai su ga cin kwalar juna, wani dattijo tsohon direba ya ajiye kofinsa ya ce, "Samari, ku zauna. Bari in ba ku labarin wani layi."

Ya ce wai akwai wani layi na gidajen haya da ɓarayi suka addaba. Yau a ɗauke babur, gobe a ɗauke janareto. Sai mutanen layin suka haɗu suka ɗauki masu gadi biyu, ɗaya a bakin gabas, ɗaya a bakin yamma. Kowane gida yana biyan kuɗin gadi a ƙarshen wata. Aka ba kowannensu tocila da gora da usur, aka kafa sharaɗi ɗaya: kada a busa sai an ga abin busawa, in kuwa an busa, kowane namiji ya fito. A lokacin usur yana da daraja. Da an ji shi, sai ka ga tsoho da sandarsa, matashi da taɓarya, mata suna haska fitila ta taga. Ɓarayi suka gane layin ba wurin zuwa ba ne.

Ana nan sai taransifomar layin ta ƙone. Wata ya bi wata ana cikin duhu. Aka ce a zaɓi shugaba wanda zai tara karo-karo ya nemo sabuwa. Masu gidajen haya biyu suka fito nema, a kira su Alhajin Gabas da Alhajin Yamma.

Neman shugabanci kuwa yana cin kuɗi, ga goro, ga lemo, ga ɗinkin riguna. Alhajin Gabas ya kafa rumfuna, ya yi hayar kujeru, ya kira gidauniya. Wanda ya fi kowa zuba kuɗi shi ne mai babban janareton da ke ja wa shaguna wuta yana karɓar kuɗi kullum. Sanƙira ya yi ta nanata sunansa har muryarsa ta dushe. Alhajin Yamma shi ma ya kira tasa, inda mai rijiyar burtsatse da ke sayar wa 'yan garuwa ruwa ya yi bajinta, mutumin da ya daɗe yana cewa tsohuwar rijiyar jama'a hatsari ce ga yara, ya kamata a cike ta. Wata tsohuwa mai ƙosai ta kwance bakin zanenta ta ba da cinikin safiyarta, domin jikokinta su samu hasken karatu. Ita sanƙira bai ambace ta ba.

Da aka watse, Alhajin Gabas ya aika aka kira mai gadin ɓangarensa. Ya ba shi sababbin batura, ya ce daga yau tuwon darensa daga gidansa zai riƙa fita. Mai gadi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, me zan yi?" Alhaji ya ce, "Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Ka dai riƙa haska tocilarka wancan ɓangaren." Kafin mako ya zagayo, Alhajin Yamma ya yi wa nasa mai gadin irin wannan alheri, da irin wannan magana.

Da farko gaskiya suke busawa. Mai gadin gabas ya busa usur tsakar dare, mutane suka fito a guje, ya nuna musu kwatar gidan Alhajin Yamma da ta malalo kan hanya. Gaskiya ne, ta malalo. Sai dai a bayansa akwai masai na gidan maigidansa da ya shekara yana ambaliya, tocila ba ta taɓa sauka a kansa ba. Washegari na yamma ya rama, ya tara jama'a ya nuna katangar Alhajin Gabas da ta ci hanya. Ita ma gaskiya ce, amma bai ga bulon da maigidansa ya jibge a bakin masallaci ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Da gaskiya ta ƙare musu, tuwo kuma bai daina zuwa ba, sai suka shiga ƙirƙira. Wannan ya ce ya ga yaron wancan gida da buhu a kai, wancan ya ce ya ji ana ƙulla makirci a zauren wannan. Kowane dare usur, wani daren sau uku. Layi ya rabu biyu. Maƙwabta suka daina gaisawa, har ƙosan tsohuwa sai an tambayi wa ta bai wa gudummawa kafin a saya.

A cikin layin akwai wani tela da bai shiga kowane ɓangare ba. Ranar taro ya miƙe ya ce, "Jama'a, ina da tambaya uku ga Alhazawanmu biyu. Nawa aka tara a gidauniya? Su wa suka bayar? Me aka yi musu alkawari?" Aka yi tsit. A daren nan usur biyu suka haɗu a ƙofar shagonsa, na gabas yana cewa ɗan yamma ne ya ɓad da kama, na yamma yana cewa ɗan gabas ne aka turo. Dattijo ya ce wannan ne kaɗai daren da bakin masu gadin ya zo ɗaya. Tela ya ja bakinsa ya koma kan kekensa.

Aka yi zaɓe, Alhajin Gabas ya ci. Aka tara karo-karo. Amma duk lokacin da maganar taransifoma ta taso, sai mai janareto ya kai ziyara bayan isha'i ya ce, "Alhaji, ai ba gaggawa." Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sai da aka shekara, masu haya suka sake zuba wani karo-karon, sannan wuta ta dawo.

Ba a yi wata biyu ba, wani dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɓarayi suka zo da mota suka hau kwance wayoyin taransifomar. Mai gadin yamma ya gan su da idonsa. Ya busa usur, ya busa, har ƙirjinsa ya yi zafi. Mutanen gabas suka juya a kan shimfiɗa suka ce hassada ce ta wanda ya faɗi zaɓe. Mutanen yamma suka ce ai yana neman halalta tuwonsa ne kamar kullum. Mai gadin gabas shi ma ya gani, ya kai usur baki, sai ya tuna cewa sata a zamanin maigidansa abin kunya ce ga maigidansa. Ya mayar da shi aljihu yana jiran umarni. Da gari ya waye, layi ya koma duhu.

Bayan sallah sai ga katin biki: ɗan Alhajin Gabas zai auri 'yar Alhajin Yamma. Alhazawa suka ci a faranti ɗaya, mai janareto da mai burtsatse suna sahun gaba. Masu gadin biyu suna bakin ƙofa suna gyara wa motoci wurin tsayawa, ba mai kallon ɗan'uwansa. Da biki ya tashi aka sallame su, domin babu mai ciyar da usur ɗin da ba a amsa masa. Suka je layi na gaba neman aiki, aka ce musu, "Labarin usur ɗinku ya riga ku zuwa."

Dattijo ya yi shiru. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "To Baba, wa ya fi laifi a cikinsu?" Ya ce, "Ɗana, duk cikinsu babu wanda ya taɓa waya. Waya kuma ana iya sayo wata. Amma yardar da mutane suke yi wa usur, in ta tafi, ban san kasuwar da ake sayar da ita ba." Ya biya kuɗin shayinsa ya tafi.

Na daɗe ina juya labarin nan a raina, musamman maganar rumfunan gidauniya. A 2022 fam ɗin neman takarar gwamna a APC naira miliyan 50 ne, a PDP miliyan 21. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikacin da ke bin motar asuba daga Mararaba sai ya tara albashin fiye da shekara 138, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi takardar miliyan 50 ɗin nan. A lokacin, Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar gwamna ya kashe har naira biliyan 1, na majalisar jiha miliyan 30, ta kuma hana mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da miliyan 50. Kuɗi irin wannan ba daga bakin zanen mai ƙosai yake fitowa ba. Duk inda ya fito, mai shi yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa bayan isha'i. Tambayoyin tela uku su ne maganin wannan, kuma su ne aka fi ƙin ji.

Masu usur ma ba baƙi ba ne a wurinmu. A Kano an daɗe da sanin sojojin baka a gidajen rediyo, yanzu kuma ga 'yan data a waya. A watan Janairun 2023 wani binciken BBC ya nuna cewa ana biyan masu ɗimbin mabiya a kafafen sada zumunta a ɓoye domin su yaɗa ƙarya kan abokan hamayya. Na san yunwa gaskiya ce. Matashin da ya gama karatu ya rasa aiki, aka ba shi kuɗin data da na cefane, ba zan yi masa dariya ba. Amma idan baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma idon da ya ji kunyar gwamna ɗaya ba zai ga kwatar da ta toshe a ƙofar gidansu ba sai ranar da mulki ya koma wani hannu.

Su kuwa manya, hanyarsu a buɗe take. A watan Nuwamban 2013 gwamnoni biyar suka bar PDP suka shiga APC rana ɗaya. A jiharmu, Abdullahi Adamu ya yi gwamna a PDP daga 1999 zuwa 2007, a 2022 kuma ya zama shugaban APC na ƙasa. Siyasa ta gaji haka, yau hamayya gobe ƙawance. Wanda ake bari a bakin ƙofa shi ne yaron da ya zagi kawunsa, ya ɓata da abokin ƙuruciyarsa, ya bar rubutun da ba ya gogewa.

Sukar shugaba haƙƙin talaka ne, kuma aiki ne mai daraja. A kansa aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, a kansa aka ɗaure mabiyan Malam Aminu Kano aka yi musu bulala. Mu da muke Mararaba mun fi kowa buƙatar masu faɗa. Muna sayen ruwa a kura, muna karo-karon wuta, damina tana shigo mana ɗaki, cunkoso yana cin kwanakinmu. Muna buƙatar wanda in ya ce ga ɓarna, gabas da yamma za su fito tare. Duk ƙaryar da aka busa yau don tuwon dare, tana rage masu fitowa ranar da ɓarawon gaske zai zo.

Ban kira sunan kowane mai usur ba, kuma layin nan ba shi da lamba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kai mai usur, ka haska tocilarka kowane ɓangare, ka fara da ƙofar wanda yake ciyar da kai. In ba za ka iya ba, ka faɗa wa mutane tuwon wa kake ci, su san yadda za su auna maganarka. Kai mai sauraro, kafin ka tura wa wani abin da ka gani a waya, ka tambayi kanka wa ya sayi baturan. In kuma ɗan takara ya zo layinku da rumfa da sanƙira, ku miƙe ku yi masa tambayoyin tela: nawa aka tara, su wa suka bayar, me aka yi musu alkawari. Kada ku bar tela ya tsaya shi kaɗai.