Madalla da Masu Rufa Mana Asiri

Mutanen Musawa ba su iya godiya ba, shi ya sa har yau ba a tashi tawaga ko ta mutum biyar ba ta je Abuja ta durƙusa gaban hukumar tsara manhaja ta NERDC, ta ce an gode. A 2007 ne waɗannan bayin Allah suka fito da sabuwar manhajar firamare da ƙaramar sakandare, suka zare darasin tarihi daga cikinta a hankali, ba hayaniya. Zuwa zangon karatu na 2009 aikin ya kankama. Aka bar ɗan ɓurɓushinsa a cikin darasin zamantakewa, tsakanin amfanin gaishe da manya da illar zubar da shara a kwata. Dalilansu kuwa masu nauyi ne: yara ba sa son darasin, malamansa sun yi ƙaranci, wanda ya karance shi kuma ba ya samun aiki. Wannan hujja ce da ba ta da makusa. Da ita ma za a iya soke lissafi gobe da safe, yara su yi ta murna.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabinsu wajen zaɓen lokaci. Dakta Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a nan Musawa a 1945, ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005. Sai da suka bari aka yi sadakar uku da ta arba'in, aka shekara, aka sake shekara, sannan suka taɓa darasin. Ka ji 'ya'yan mutunci. Da yana raye suka yi, da sun sha takarda mai shafi hamsin, kowane shafi da hujjarsa, wanda hakan ɓata lokacin gwamnati ne.

Ai mu muka san irin wahalar da mutumin nan ya ba hukuma. Jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne fa. Da ya so, da ya naɗa rawaninsa ya zauna a inuwa ana faɗuwa ana gaishe shi. Sai ya zaɓi ya bi garuruwa da ƙauyuka, har Maraɗi, yana tambayar tsofaffi abin da ba a aike shi ba, ya dawo Jami'ar Ahmadu Bello ya rubuta The Transformation of Katsina, aka buga a 1981. A ciki ya ƙi yarda da zancen da ya fi sauƙin haddacewa, wai jihadin 1804 faɗa ne tsakanin ƙabilar Fulani da ta Haɓe. Ya dage sai an duba wane ne ke mulki, wane ne ke biyan haraji, malamai da fatake da manoma da makiyaya me ya dame su, kuma me ya sa aka sami Bahaushe da Bafulatani a kowane ɓangare. Don Allah wa zai iya da wannan? Ɗalibin da aka koya wa irin wannan tambaya, gobe ai sai ya tambayi kansila ina takin zamani ya shige. Sojoji sun gane haɗarin da wuri. Bayan 'yan sanda sun harbe ɗalibai a Samaru a watan Mayun 1986, aka fara kukan akwai malamai masu koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A 1988 aka tasa ƙeyar Patrick Wilmot daga ƙasar, a 1989 aka sallami Bala Usman, sai kotu ta yi katsalandan ta maido shi. Korar malami ɗaya ɗaya aiki ne mai gajiyarwa, ga lauyoyi. Farar hula suka zo da dabarar da ta fi: a bar malamin, a kori darasin.

Yanzu ku duba irin kwanciyar hankalin da muka samu. Yaro ya gama aji tara ya san Bayajidda ya kashe maciji a rijiyar Kusugu, ya san Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, duk da masuntan da ya tarar a bakinsa suna shanya taru. Ya san 1914, ya san 1960. Tsakanin waɗannan shekaru biyu babu abin da ya faru sai ruwan sama da kaka.

Ba wanda zai tayar masa da hankali da maganar rinji. Yana wuce ƙauyuka masu wannan suna a kan babur, bai san gidajen gonar bayi ba ne, kuma haka ya fi. Masana irin su Paul Lovejoy sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Gwamna Lugga ya yi shelar cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma iyayen ya bar su a hannun iyayengijinsu su yi ta biyan murgu, domin yana bukatar sarakuna fiye da yadda yake bukatar adalci. Sai 1936 aka soke bautar baki ɗaya a dokar Arewa. 1936! Akwai tsofaffin da ke zaune a zaurukanmu yau da aka haifa kafin wannan shekara. Baba ta Karo, wadda ta tashi nan kusa wajen Zarewa, ta ba Mary Smith labarin rinjin gidansu da yadda mahara ke kwashe mata a hanya sai an fanso su, aka buga littafin a 1954. Allah Ya so mu da Turanci ya fi yawo. Ka ɗauka malami ya shiga aji da wannan zance, a benci ɗaya ga jikan mai rinji ga jikan wanda ya nome rinjin, su biyun ba su sani ba, suna raba ƙosai lokacin tara. Me za a ƙara musu? Sanin ai an ajiye shi a wurin da ya dace, wato bakin gwaggo, sai ranar da ɗayan ya je neman auren ƙanwar ɗayan a fito da shi a ce a binciki asali. A nan ne tarihi ke da amfani. A aji kuwa rashin kunya ne.

Haka maganar sarauta. Yaro ya san sarki, ya san hawan sallah, ya san kakaki. Ba sai an gaya masa cewa a 1807 sarkin Katsina na Haɓe, Magajin Halidu, ya faɗa rijiya a Ɗankama bayan an ci shi da yaƙi, sauran suka kafa Maraɗi suka yi ta kawo hari shekara da shekaru ba. Ba sai ya ji cewa Turawa sun shigo Katsina a 1903, suka tuɓe Abubakar, suka tuɓe Yero, suka kawar da gidan Dallazawa suka naɗa Durɓi Dikko a 1906 ba. A shekarar nan ce kuma aka shafe Satiru, kusa da Sakkwato, aka kashe mutane wajen 2,000, talakawa da bayin da suka gudo, kuma dakarun Sarkin Musulmi suna tare da na Nasara a wannan aiki. Wannan ba ya shiga waƙar fada, to don me zai shiga allo? Kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta.

Manomin auduga ma an yi masa gata. Ɗansa na zuwa unguwar BCGA a Funtuwa, yana tsammanin sunan wani attajiri ne. Ƙungiya ce da masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchester a 1902 don su sami auduga mai arha, ta zo ta dasa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Aka ce haraji sai da kuɗin Bature, kuɗin Bature kuma sai ka kai auduga ko gyaɗa kan sikeli, farashi kuma mai sikeli ke yankawa. Da yunwar Kakalaba ta zo a 1914 rumbuna ba su da abin tarbarta. Tsakanin 1942 da 1944 aka yi ɗiban gwamna, dagatai da hakimai suka tattara samari aka kai su haƙar kuza a Jos don yaƙin da ba nasu ba, sanyi da cuta suka ci da yawa. Idan yaro ya san wannan, zai iya lura cewa har yau mai sikeli ke yanka farashi, launin fatarsa kawai ya sauya. Sai ya ƙi noma, ko ya shiga ƙungiya. Irin wannan sani ne ya haifi NEPU a 1950, kowa kuma ya ji yadda 'yan doka da alƙalan En'e suka sha wahalar bulale su da ɗaure su. Gwamnatin PRP ta Balarabe Musa, wadda Bala Usman ya yi wa sakatare, har soke haraji da jangali ta yi a 1979. Kun ga inda tarihi ke kai mutane.

Sai 1966, inda gwanintar masu manhaja ta fi fitowa. Yaron Katsina ya ji a gida cewa ranar 15 ga Janairu an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, gaskiya ne kuwa. Yaron Inugu ya ji a gida cewa a Mayu da Satumba na shekarar an kashe dubban 'yan uwansa a garuruwan Arewa, shi ma gaskiya ne. Makaranta ta ga bai kamata ta shiga tsakanin yaro da kakarsa ba, sai ta bar kowa da rabinsa. Ga su nan sun girma, suna haɗuwa a Facebook kullum dare suna musayar rabi da rabi cikin ladabi da addu'a.

Kada wani ya ce an bar yaran ba malami. Waya na nan. A TikTok akwai shehunan tarihi da ba su taɓa buɗe littafi ba, saboda haka ba abin da ya gurɓata musu tunani. Cikin minti biyu za su bayyana maka cewa Bahaushe da Bafulatani abokan gaba ne tun ranar da aka halicci duniya, su kawo 1804 hujja, daidai fassarar da ɗan Musawa ya ƙare ƙuruciyarsa yana rusawa. Yaron da aka kashe wa uba a gona tsakanin Musawa da Matazu yana saurare, yaron da aka ƙone wa ruga shi ma yana sauraren nasa shehin. Babu mai ɓata musu lokaci da dokar makiyaya ta 1965, ko yadda aka yanka burtali da mashaya aka raba wa masu hannu da shuni, ko yadda dajin Rugu ya tashi daga wurin kiwo ya zama abin da ya zama. Wannan dogon zance ne, ga shi yana ambaton sunayen manya. Gajeren ya fi daɗin ji, kuma duk wanda ya ɗora wa laifi talaka ne. Maguzawan Malumfashi da Ƙafur kuwa, da suke Hausawa tun kafin a san wasu da Hausanci, gara a ci gaba da yin kamar baƙi ne.

Mu kwantar da hankali, manyan ƙasashe ma suna biye da mu. A 2005 majalisar Faransa ta yi dokar a koya wa yara alherin mulkin mallaka, surutu ya sa aka janye a 2006. A 2023 jihar Fulorida ta Amurka ta sa a manhajarta cewa bayi sun koyi sana'o'in da wasunsu suka amfana da su. Su Jamusawa ne kawai suka rasa mai ba su shawara, suke kwasar 'ya'yansu zuwa sansanonin da kakanninsu suka hallaka Yahudawa, wai don kada a sake.

Na san za a ce ai an dawo da darasin. An dawo da shi mana, har ba sau ɗaya ba. Zamanin Malam Adamu Adamu an ba da umarni a 2019, aka yi bikin dawowar a Nuwamban 2022, sannan a 2025 minista Tunji Alausa ya sake shelar cewa ya zama dole. Darasin da ake ta maidowa haka, ko bai iso ba ai ya ga ƙauna. A bikin 2022 aka ce za a horar da malamai 3,700, kowace jiha 100, Abuja ma 100. Katsina na da ƙananan hukumomi 34, saboda haka rabon Musawa malami uku ne, in an cika mana da kara. Uku sun isa, har ma ina tsoron kada ɗaya daga cikinsu ya zama mai karatu.

Roƙona ga masu manhaja, ranku ya daɗe, tunda an matsa sai an koyar, a sa rariya mai ƙananan ido a tankaɗe shi kamar garin tuwon baƙo, duk wani tsaki a zubar wa kaji. A bar sunayen sarakuna da shekarun da suka yi, a bar Gobarau da Kusugu da ranar samun 'yanci. Manoman Bakolori da 'yan sanda suka buɗe wa wuta a Afrilun 1980 don sun nemi diyyar gonakinsu, a ce madatsar ruwa ce mai kyau, ana noman shinkafa. Kuma a fara shiri tun yanzu saboda jikoki, domin abin da muke ciki yau shi ne tarihin da zai ba da kunya gobe. Daren 11 ga Disamba, 2020, an shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabtanmu, aka kora yara cikin daji da ƙafa, ranar 17 ga wata aka sako 344. Waɗannan yaran suna nan da ransu, za su haihu, za su riƙa ba da labari, wanda hakan matsala ce. Amma hukuma ta fi su takarda da hatimi. In an zo rubuta babin, a sa cewa a ƙarshen zangon farko na shekarar ɗaliban kimiyya sun tafi yawon nazarin itatuwa na kwana shida, gwamna da kansa ya tarbe su da suka dawo.