Marigayi Bai Yi Arba'in Ba, An Canza Kwaɗo

Matso kusa, aminiyata, rage murya. Kin san Alhajin nan na Kantin Kwari da aka yi wa sutura kwanan baya? Allah Ya jiƙansa. To, gidansa ba lafiya!

Benen nan mai shaguna a ƙasa ashe ba nasa ba ne shi kaɗai. Karo-karo suka yi da ƙanensa, rabi da rabi. Matan gidan kuwa ba wadda ta sani, sai uwargida. Ita ma ta ja bakinta ta tsuke.

Matan suna cikin takaba, sai yaron shago ya rugo yana haki: an canza kwaɗo. Wa ya canza? Baffan yara!

Ruwa ba ya tsami banza. Wai wani ne ya hure masa kunne cewa in abokin tarayya ya rasu, wanda ya rage shi ke kwashe komai. A Ingila akwai irin wannan tsari, inda kason mamaci ke zarcewa kai tsaye hannun mai rai. Amma nan Kano ce, gaban alƙali za a je, fiƙihun Malikiyya za a buɗe.

Can kuwa lissafin a bayyane yake. A ware wa Baffa rabinsa, wannan haƙƙinsa ne, ba gado ba. Ɗaya rabin, a fitar da kuɗin sutura, a biya bashi, a cika wasiyya in akwai, kada ta haura sulusi. Sannan a raba yadda aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i suka tsara: mata biyu su raba tumuni, Hajiya mahaifiyarsa ta ɗauki sudusi, saura na 'ya'ya, namiji ninkin mace.

Baffa fa? Ko ƙwandala! Muddin akwai ɗa namiji, ɗan'uwa ya katangu. Kin ga dalilin gaggawar kwaɗo?

Ba ki ji komai ba tukuna. Takardar shaidar mallaka, wadda gwamna ke bayarwa tun dokar filaye ta 1978, sunan marigayi kaɗai ke kanta. Yarda ce ta 'yan'uwantaka, ba rubutu. Da amarya ta ji haka sai ta miƙe zaune: "Ina hujjar cewa yana da rabi?" Yanzu mai ƙoƙarin cinye duka shi ke yawon neman shaidu don ya tsira da nasa. Sai ya kawo maza biyu adilai, ko namiji da mata biyu, ko shaida ɗaya ya haɗa da rantsuwa.

Wace ce kuma ta san gaskiya tun daga tushe? Uwargida. Me ya sa ta yi gum? Ana raɗe-raɗin gwal ɗinta ta sayar aka yi rufin benen, ita ma ba rubutu, Baffa ne kaɗai aka yi a gabansa. Taimake ni in taimake ka ke nan. Shi ya sa kwanon tuwo ya fara zirga-zirga tsakanin gidajen biyu, bayan shekaru ba ko gaisuwa.

Wani dillali kuma yana ta shawagi, yana zuga samarin gidan su sayar masa da kasonsu. Bai san da shuf'a ba: in aka sayar wa bare kason da ba a riga aka raba ba, abokin tarayya na da ikon biyan kuɗin nan ya karɓe. Baffa ya sani sarai, har ya fara tara kuɗi.

Ke kuma da kika zuba kuɗin adashenki a filin maigida, ina takardarki? Yau da daddare, in ya ci ya ƙoshi, ki kawo biro da shaidu biyu. In ya ɓata rai, ki ce masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. Kada dai ki ce ni na faɗa miki!