Iddar Gidan Motsa Jiki

Alat ɗin banki ne ya tashi wani ma'aikacin gwamnati mazaunin Orozo da ke Abuja a makon nan, tun ladan bai kira assalatu ba. Gidan motsa jikin da ya yi rajista da shi a Janairu, lokacin da ya ɗaura ɗamarar yaƙi da teɓa, ya sake zare kuɗin wata. Rabonsa da wurin tun kafin azumi. Teɓar kuwa tana nan daram, har ta ƙara fili.

A yi masa adalci. Mutumin da ke fita da asuba ya ratsa Kurudu, Jikwoyi da Karu, ya je ya kafe a cunkoson Nyanya kafin ya hango shataletalen AYA, wane ƙarfi ya rage masa na hawa injin gudu da daddare?

Da ya je a cire sunansa, yarinyar da ta yi masa rajista cikin minti biyar, har da rangwame, ta zaro takardar da ya sa wa hannu bai karanta ba, ta dangwala farce a kan wani layi mai ƙananan haruffa. "Yallaɓai, ai ba haka ake yi ba." Sai ya rubuto wasiƙa da hannu, ya miƙa wa manaja ido da ido, manajan da kullum yanzun nan ya fita. Sannan ya jira wata uku yana biya.

Wata uku! Ashe aure aka ɗaura masa bai sani ba, yanzu kuma shi zai yi idda, shi zai ciyar. In ya kuskura ya leƙa wurin cikin waɗannan watanni, ko da neman tawul ɗinsa, an yi kome ke nan, lissafi ya dawo farko. Babu waliyyi, babu alƙali, babu surukin da zai ce a rabu cikin mutunci. Saura kawai a ce ya kawo shaidu biyu da goro.

Abin takaicin, akwai doka. A farkon 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kare haƙƙin masu saye wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta hana sharuɗɗan zalunci a yarjejeniya, ta ce a rubuta su yadda mutum zai gane. Amma wa ke kai ƙara? Mutum ya ga an cuce shi ƙiri-ƙiri, ya ce Allah ya isa, ya toshe katin ATM, ya ɗauka ya yi dabara. Masu wurin sun san haka sarai, da shi suke cin abinci.

Amurka ma ba ta tsira ba. Hukumarsu ta FTC ta fito da ƙa'ida a Oktoban 2024 cewa fita daga irin wannan rajista ta yi sauƙi kamar shiga, kotu ta soke ta a Yulin 2025. Wata guda bayan nan hukumar ta maka masu gidajen motsa jiki na LA Fitness a kotu kan wahalar da masu son fita.

Ga alama dai yarjejeniyar da ba ta ƙarewa gadon yankin Orozo ce. Titin Apo zuwa Karshi, wanda zai raba mutanen Orozo da azabar Nyanya, tun 2011 aka ba da kwangilarsa, aka shafe sama da shekara goma ana cewa saura ƙiris. Shi ma wataƙila manajansa ne ya ɗan fita.