Bakano, Ina Kuɗin Sharata?

Bawana Bakano, gaisuwa irin ta ubangida. Watan cika-ciki ya zo ya wuce, ban ga kuɗin sharata ba, ban ga ɗan aike ba. Har na fara hura hanci, sai na tuna abin da idona ya gane mini ran ɗaurin auren 'yarka. Mutumin da sharar ƙofar gidansa ta gagara, ina ya ga sukunin biyan ta abokin wasa?

Ka tuna kwatancen da ka yi mini a waya? "In ka wuce gidan mai za ka ga bola, ka bar ta, ƙarama ce. Ka miƙe har ka ga babbar, sai ka yi dama." Mu a Zariya da ƙofa ake kwatance, a ce Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana. Ban ɓata ba kuwa, don babbar ba ta ɓuya. Wani bunsuru na tsaye can ƙololuwarta yana tauna leda, yana kallon 'yan biki kamar shi ne mai unguwa.

Tsautsayi ya sa ranar ta faɗo Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhallinku, ba shiga ba fita daga ƙarfe bakwai zuwa goma. Na zauna a mota ina kallon ikon Allah. Matasa sun naɗe ƙafar wando suna yashe kwata da shebur, suna tara baƙin taɓo da ledar fiya wata a bakin titi, a jira motar kwasa. Ba mu tashi daga walima ba sai da hadari ya haɗo, ruwa ya mayar da komai inda aka ciro shi, bai rage ko leda ɗaya ba. Wanda na ga ya yi aiki ya tsaya a unguwar nan shi ne wani almajiri mai baro, yana bi gida-gida ana ba shi ɗan canji. Da na tambaye shi inda yake kaiwa, sai ya nuna mini wajen bunsuru.

Kuna dai da hukumar kwashe shara, REMASAB. A 2021 gwamnatin Ganduje ta miƙa aikin ga kamfani, shekara na zagayowa aka soke yarjejeniyar. Amma ka buɗe kundin tsarin mulki na 1999, in ciniki ya bar ka ka yi karatu, za ka ga kwashe shara na cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Shi ya sa na tambaye ka sunan kansilan mazaɓarku. Ka ture hula, ka sosa ƙeya, ka ce wai wani yaro ne ɗan gidan wane. Ai dole. A zaɓen Oktoban 2024 jam'iyyar da gwamnanku yake ciki a lokacin ta lashe ƙananan hukumomi 44 cif, ko tsakuwa ba ta bar wa kowa ba. Ciyaman ya san ƙofar da ya bi ya hau kujera, can yake kai gaisuwa, kuma hanyar ba ta bi ta layinku ba.

Na san abin da ke bakinka, haɗiye shi. Mako guda kafin naku mu ma aka yi namu a Jihar Kaduna, jam'iyyar gwamnanmu ta share 23 duka. Wannan sharar kam mun iya ta, mu da ku. Kotun Ƙoli ta ce tun watan Yulin 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu hannu da hannu. To, mun ji. In ka ga alamarsu a kwatar gidanka ka aiko mini.

Kafin in shigo gari na wuce rukunin gidajen Kwankwasiyya da na Amana a kan hanyarmu, ga kuma Bandirawo can hanyar Katsina. Gini ya ginu, ban hana ba. Sai dai kuɗin asusun 'yan fansho aka zuba a ciki, aka yi ta shari'a, gidaje da yawa suka shekara da shekaru ƙadangaru na gadinsu. Tsohon malamin makarantar da aka yi ginin da guminsa yana can ɗakin haya, yana ɗage tabarma duk damina. Ko ba don shi aka yi ba, ai an bar masa kallo ta tagar bas.

Wajen ƙwadago kuwa kar ma ka tanka. Mu ne a watan Mayun 2021 NLC ta rufe wa jiha, ba wuta, ba jirgin ƙasa, har gwamnanmu na lokacin El-Rufa'i ya ce ana neman shugabanta Ayuba Wabba ruwa a jallo. Da aka zo sabon mafi ƙarancin albashi a 2024, gwamnanku ya ce naira 71,000, namu ya ce 72,000. Ina kirarin nan naku na ko da me ka zo an fi ka? Ga Bazazzagi ya zo da dubu ɗaya, ba a fi shi ba. Matan nan da na gani da asuba suna sharar titi da doguwar tsintsiya, mota na wucewa da gudu ta gefensu, ka tambaye su ko lissafin nan ya biyo ta kansu.

Kar ka ɗauko mini zancen ruwan famfon Zariya, wannan maganar cikin gida ce, kuma 'yan ga-ruwanmu mutanen kirki ne.

Kuɗin sharar bana dai ban yafe ba. Ka raba biyu, rabi ka ba yaron nan mai baro, rabi ka aiko mini ta tashar Unguwa Uku. Sunan 'yarka in ya zo ina nan tafe, amma ka nemi wani kwatancen tun yanzu, don in ƙaramar ta kamo babbar ban san inda zan yi dama ba.