Kowa da Irin Latsinsa

Wanda yake son sanin halin mutanen Unguwar Lalle kada ya ɓata lokacinsa a teburin mai shayi, can kowa da rigar mutuncinsa yake zama. Ya taho rumfar mai caji da la'asar. Dogon katako ne da aka jera wa soket, farantan sola a kan kwano, batir a ƙarƙashin tebur, sai ɗan janareto da ke jiran ranar hadari. Kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya tafi da guntun kwali mai irin lambar. A nan nake yini tun da Allah ya jarabce ni da son latse-latse, har aka laƙaba mini Injiniya. Ban taɓa ƙera ko allura ba. Iyakar injiniyancina in dawo wa mutum da WhatsApp ɗinsa idan ya ɓace, in buɗe masa sabon Facebook duk lokacin da ya canza waya, domin a garin nan ba a haifi wanda ke riƙe lambobin sirrinsa ba.

Babba a cikin masu zuwa shi ne masanin sabis. Bai karanci taswira ba, amma ya auna garin nan sanda-sanda. Gindin tsamiya sanda biyu, kan tudu uku in iska ba ta kaɗawa, ɗakin amaryarsa babu ko ɗaya, kuma ya ce shi ya sa ake zaman lafiya a ciki. A gida wayarsa ba ta kwana aljihu. Cikin tsohuwar safa yake sa ta, ya rataye a ƙusar da ya kafa can saman ginshiƙin rumfa, don nan kaɗai kira ke shigowa. In ta yi ƙara sai ya buɗe lasifika, ya tsaya a ƙarƙashinta ya ɗaga kai yana ihu, maƙwabta duka su ji nawa ake bin sa.

Tauraronsa ya haska ne a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka biyo da ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Abin ba na dariya ba ne a lokacin. Mai ɗa a Legas ba ya jin ɗuriyarsa, in wani abu ya faru da dare ba wanda za ka kira. Amma ƙasarmu ta Sabon Birni jingine take da jihar Maraɗi ta Nijar, kuma sabis ba ya tsayawa a shingen kwastan. Nan da nan layukan Nijar suka yi daraja, Airtel ɗin can da Moov da Zamani, mai lambar da ta fara da +227 ya zama abin nema. Mutumin namu ya riga kowa. Shi ya san inda ake kamo Nijar, shi ke gaba, jama'a na biye da wayoyi a sama. Har yau in ka yi ƙorafin sabis ya yi rauni, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Yaro, ba ka ga shekarar da anka rufe ba." Alhali ni nake riƙe masa safar.

Mai filashin ba sai an daɗe a kansa ba. Kiransa kan shigo ya fita kafin waƙar wayar ta buɗe baki, in ka bi shi kuma ya fara da, "Na ga kiranka." Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025 ya samu hujjar da zai mutu da ita, ko da yake ni shaida ne tun ana araha ma bai taɓa sa kati ba.

Ina da Goggo da ba ta yi boko ba, kuma ba ta ga abin da ta rasa ba tun ranar da aka nuna mata ɗan makirufon WhatsApp. Takan danne shi ta yi sallama, ta ɗan jira, ta amsa wa kanta. Sai ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina ɗiya, ina labarin ruwa, ya ƙarin haƙurin wane da ya rasu bara. Tsakiyar saƙon za ka ji ta kori akuya daga bakin turmi, ta aiki yaro sayo daddawa, ta dawo ta ce, "To, mi nike cewa?" Dalilin saƙon yana can wajen minti na bakwai, kuma yawanci shi ne a kira ta. Da na nuna mata ana iya ninka saurin murya don a ji da wuri, cewa ta yi duk ɗan da ya saurari gaisuwarta a guje, Allah na ganin sa. Ni a nan ina bayan Goggo. A duk abin da masu ƙera manhaja suka fito da shi, ban ga wanda ya yi wa mutanenmu rana irin wannan ɗan makirufo ba. Tsohuwar da a da sai ta nemi ɗan makaranta ya rubuta mata wasiƙa, ya ji sirrinta, ya kuma ƙara nasa, yau da bakinta take yi wa ɗanta faɗa har Kurmi.

Abokin sana'arta, amma mai hatsari, shi ne mai turawa. Ba ya karantawa, ba ya tambaya, turawa kawai. Hoton kifi mai rubutu a ciki, ganyen da ke maganin ciwo arba'in, wurin cike tallafin gwamnati da ke neman lambar katin bankinka, saƙon da in ba ka tura wa mutum goma ba ka kuka da kanka. Irinsa ne suka tayar da jama'a da tsakar dare a watan Agusta na 2014 a yi wanka da ruwan gishiri don tsoron Ebola, har wasu suka sha suka ƙare a asibiti. Matsalar ita ce a ƙasarmu ba a iya toshe shi. Muryar da ke cewa an ga babura sun nufo waje kaza, wani lokaci ta bara ce, daga wani gari can cikin Zamfara, ta zaga duniya ta dawo, mata su kwashi yara su kwana a waje a banza. Wani lokacin kuma ta yau ce, kuma ita ke tsirar da mutane. Shi ya sa kowa na zagin sa, amma ba mai fita daga guruf ɗin da yake ciki. Na taɓa roƙon sa abu ɗaya, duk mai ɗaukar murya irin wannan ya fara faɗin rana da sunan gari. Ya ce wallahi shawara ce mai kyau. Ya ɗauke ni a murya ya tura, babu rana babu gari.

Sai ɗan mainin, wanda shi kaɗai ne attajirin da ke cajin waya bashi. Tun da aka fito da kuɗin intanet ɗin nan na Pi a 2019 yake danna alamar walƙiya sau ɗaya a rana, bai taɓa fashi ba, abin da ba zan iya rantsewa a kan sallarsa ta asuba ba. Ya yarda da masu cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, ya buga lissafi a bayan kwalin sigari, ya ga Ɗangote ma sai dai ya zo gaisuwa. Da Notcoin ta biya wasu a watan Mayun 2024, sai abin ya zama annoba. Aka shiga Hamster da 'yan uwanta, samari a jere kan benci, kai a sunkuye, yatsu huɗu na dukan gilashi kamar kaji sun samu tsaba. Komai nasa yana jiran rana ɗaya: in ta fashe. Lefe in ta fashe, babur in ta fashe, bashin mai caji in ta fashe. Gonar geron gidansu na jiran maimai, babansa ya tsaya a kansa ya ce, "Wanga haƙo da kake faɗi kullum, ina ramin?" Hamster ta fashe ranar 26 ga Satumba, 2024, da yawa suka ga abin da ya fito bai kai datar da suka ƙona ba. Pi ta shiga kasuwa ranar 20 ga Fabrairu, 2025, ta leƙa kusan dala uku ta sauko ƙasa da ɗaya. Kana tsammanin ya saduda? Ya ce manya ne ke danne farashi don su saye a hannun marasa haƙuri. Yanzu haka yana da sabuwa, kuma saura mutum biyu yake nema su shiga ta hannunsa.

Mai POS ya ɗana sarauta ta 'yan makonni a farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har wasu 'yan kasuwar bakin iyaka suka koma karɓar sefa. Dattawan da ya saba durƙusa wa su suka riƙa gaishe shi, mutum ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa ya kuma yi godiya. Sarautar ta wuce, tafiyar ƙasaitar ba ta wuce ba. Jimlolinsa biyu ne, "sabis ya ɗauke" da "zai dawo cikin awa ashirin da huɗu". Babban abokin cinikinsa kuwa Alhaji ne mai fataucin dabbobi, wanda ke miƙo kati daga kan babur ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi, har mai rake na tsallaken hanya ya gyara masa in ya yi kuskure. Amma ka sayi rago a hannunsa ka nuna masa alat, sai ya kawar da kai. "Ɗana, wanga rubutu na. Ni kuɗɗi nika so, waɗanda aka lissafawa da miyau." Na gaya masa ya daina shelar lambar. Ya ce duk garin nan wa bai sani ba, wa kuma zai cuce shi.

Ɗan TikTok ya fi kowa tsafta daga wuya zuwa sama. Yana da riga ɗaya ta ɗaukar bidiyo, da bangon wani gida mai fenti da mai gidan bai san ya yi suna ba. Abin da ke ba ni haushi da shi tacen fuska ne. Manhajar kan ga tsagen Gobir ta ɗauka tabo ne, ta shafe shi tas, ta ƙara masa fari da siririn hanci. Tsagen da aka taho da shi tun zamanin Alƙalawa, wanda taubasanmu Yarbawa suka gaji da yi wa tsiya ba su ga bayansa ba, ga shi yaro ya kawar da shi da yatsa ɗaya. An nuna wa kakarsa hoton, ta juya wayar sama da ƙasa, ta ce, "Kyakkyawa. Ɗan wa na?"

Akwai mai "tura mini", wanda bai taɓa sayen data ba amma ba fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa da bai gani ba, ba kuma zangon Labarina da ya wuce shi. Gaisuwarsa ita ce, "Buɗe Xender." Wayarsa kullum a cike, in ka ce a goge wani abu ya ce duk masu amfani ne, har da hoton takalmin da ya so saye shekara uku da suka wuce. Akwai mai gyara, wanda duk cutar da ka kawo masa, ko a rijiya wayar ta faɗa ko jaki ya taka ta, zai goge ta da tsohon buroshin haƙori, ya hura mata iska mai zafi, ya girgiza kai ya ce ai-si ne.

Kawuna ba ya cikin kowane guruf. Waya rakani-kashi gare shi, an ɗaure bayanta da kyauro, lambobin jikinta sun goge, da ƙwaƙwalwa yake gane su. Cajinta kan kai mako, tocilarta ta fi ta 'yan sintiri haske, kuma tana kamo kira a inda manyan wayoyinmu ke zare ido. Ba ya ajiye suna a cikinta. Sunaye na cikin ɗan littafi a aljihun gaba, an rubuta da ajami. Labarin duniya kuwa rediyonsa na nan, in BBC ba ta faɗa da safe ba to bai faru ba. Sau ɗaya zamani ya ci ƙarfinsa, da aka ba da umarni a Disamban 2020 kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Ya je rajista, aka tambaye shi ranar haihuwa, ya ce shekarar da aka yi fara, bayan an cire amfanin gona. Yaron ya rubuta 1 ga Janairu. Ya fito ya tarar duk sa'o'insa ranar aka haife su, har da wanda ya girme shi da kaciya biyu.

Sabon shiga shi ne mai tambayar shuɗin zobe. Tun da Meta AI ta bayyana a WhatsApp a 2024 da alamar wannan zobe, aka gaya masa akwai wani abu a ciki da ya san komai, kuma ba ya karɓar ko goro. Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa na'ura ce da aka ɗura wa rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, tana harhaɗa amsa daga abin da ta koya, takan yi daidai, takan kuma shirga ƙarya ba tare da ta ƙifta ido ba. Ya ce ya gane sarai. Ya matso, ya rage murya, ya ce in tambaye ta wa ya sace masa akuya. Na rubuta. Ta ba shi haƙuri, ta ce ba ta da hanyar sani, ta shawarce shi ya tambayi maƙwabta ya kuma sanar da hukuma. Ya yi shiru yana gyaɗa kai.

"Ka ji ko? Maƙwabta tac ce. Ni dama na san shi na."