Mutanen Dala da Badala

Daga Bacirawa zuwa Dutsen Dala ba wata tafiya ba ce. Aikin yana wajen mutanen da za ka tarar.

Akwai 'yan hoto, waɗanda tun da suka hau suka juya wa Kano baya suna yi wa waya murmushi. Akwai hajiyar da ta toge a gindin dutse tana a'uziyya, wai Tsumburbura ba ta tashi ba har yau. Akwai kuma masu tsayawa a tsakiyar matattakala, hannu a ƙugu, wai suna kallon gari. Mukan daɗe a nan.

Gwanina dai shi ne malamin tarihi na sa-kai. Ba wanda ya kira shi. Da ya ji ka ce "ikon Allah", ya riga ya kama hannunka. A bakinsa Barbushe da Bayajida abokan wasa ne, Lugga kuma ya iske Muhammadu Rumfa a kan gadon sarauta. Ka ce, "Baba, ai Rumfa ya rasu a 1499, Turawa kuwa sai 1903 suka ci Kano," sai ya dube ka da tausayi: "Wannan tarihin boko ne, ɗana." Badalar da Sarki Gijimasu ya fara wajen shekara 900 da suka wuce, a wurinsa aljanu suka gina ta cikin dare ɗaya, kakan kakansa ne ma mai kai musu ruwa. In ya bi ka Gidan Makama, ma'aikacin wurin na bayani, shi yana girgiza kai yana gyara masa. Ƙarshen karatu kuwa, "a kawo na goro". Kuma ka bayar, don ko a Kasuwar Kurmi ba a sayar da irin hajarsa.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai cin badala. Ya zo da baro ya kankare ƙasarta ya yi tubali, ko ya sare gefe ya kafa shago, ko ya juye shara a gindinta. Bangon da ya tare mayaƙa ɗaruruwan shekaru, shi da shebur ya gama da shi. Ka yi magana ya ce ubanka ne ya gina? Kuma shi ne zai fara cewa gwamnati ba ta kula da kayan tarihi.